Me Ke Sa Injin Mota Ya Yi Zafi Fiye da Kima?

Galibi ƙarancin ruwa a lagireto ne ke jawo wannan matsala. Ruwan kan zurare ta tiyo da ya tsage, ko murfin lagireto da ya saki, ko famfon ruwa da ya fara yoyo. Idan ruwa na cike amma allurar ma'aunin zafi na ta hawa cikin cunkoso, sai a duba fanka. Hita mai hura sanyi alhali inji ya ɗau zafi alama ce ta ruwa ya ragu ko iska ta shiga tiyo. Farin hayaƙi daga salansa, da man inji da ya koma kamar madara, na nuna gasket ya ƙone. Ba a buɗe lagireto sai inji ya huce, domin tururinsa na ƙuna.