Kafin Ka Ajiye Motar Gas Ka Yi Doguwar Tafiya

Duk shekara idan alhazai suka fara dawowa daga Saudiyya, akwai aikin da ke ƙaruwa a garejinmu: motocin gas da aka jawo da igiya. Hilux, Hiace, Land Cruiser, har da tsofaffin Mercedes. Maganar masu su kusan ɗaya ce: "Malam, wallahi lafiya lau na ajiye ta." Kuma gaskiyarsu ne. Sai dai mota ba ta tsayawa yadda aka bar ta, musamman mai shan gas. Haka muke gani wajen masu tafiya karatu waje da ma'aikatan da aka tura wani gari na watanni. Abin da ke ci mini rai shi ne, yawancin wannan ɓarna aikin yini ɗaya kafin tafiya zai hana ta.

Ka fara da tanki. Mutane da dama suna barin mai ya kusa ƙarewa kafin su tafi, wai kada kuɗi ya kwanta a banza. Na fahimci wannan, gas ba arha yake ba. Amma wurin da babu mai a tanki iska ce ke cike shi, iska kuwa tana ɗauke da laima, balle da damina. Rana ta yi zafi, dare ya yi sanyi, sai laimar ta zama raɓa a jikin tanki ta gangara. Ruwa ya fi gas nauyi, don haka can ƙasa yake kwanciya. A daidai inda ruwan ya haɗu da mai ne wasu ƙwayoyin halitta suke samun wurin zama, suna cin man suna hayayyafa. Na sha kwance filtar irin waɗannan motoci in tarar da wani baƙin abu mai yauƙi kamar kuka ya toshe ta, ga wari mai tsami. Wannan shi ke sa mota ta tashi, ta yi 'yar tafiya, sannan ta shaƙe a tsakiyar titi.

Tsofaffin injuna suna ɗan jure wannan. Na zamani ba sa jurewa. Famfonsu yana tura mai da matsin da ya kai bar 1,600 zuwa 2,000, wasu ma sun wuce haka, kuma gas ɗin kansa ne ke zame musu maiƙo. Ruwa kaɗan ya isa ya sa tsatsa a cikin famfo da nozil, kuɗin nozil ɗaya kuwa ya fi kuɗin cika tanki. Saboda haka ka cika shi, a gidan man da ka yarda da shi, ba wajen 'yan bumburutu ba, don ba ka san me aka garwaya ba. Ka sa a zubar da ruwan da ya taru a ƙarƙashin filtar mai. Yawancin filtoci suna da ɗan murfi da ake murɗawa a gindi. Idan tafiyar za ta haura wata uku, a zuba maganin kare gas daga lalacewa da kashe ƙwayoyin nan gwargwadon abin da aka rubuta a jikin gorar, sannan a zaga da motar don ya ratsa ko'ina. Gas mai kyau yakan kai wata 6 zuwa 12 a ajiye, amma zafi irin namu yana rage masa kwana.

Baƙin mai kuma a canza shi kafin tafiya, ba bayan dawowa ba. Tsohon man injin gas cike yake da kunkunniya da tsami, bai kamata ya kwanta watanni a kan ƙarafan inji ba.

Sai batir, wanda shi ne ya fi kawo mana mutane. Injin gas ba shi da fulogin da ke kunna wuta. Matse iska yake yi har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Juya irin wannan inji yana son ƙarfi sosai, shi ya sa batirin da zai iya tayar da motar fetur da ƙyar ba zai motsa ta gas ba. Ko mota tana kashe, agogo da na'urar tsaro da kwamfutar cikinta suna zuƙar wuta a hankali. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, idan ya daɗe ƙasa da 12.4 yakan fara lalacewa daga ciki, wani ko an yi caji ba ya komawa daidai. Ka cika shi da caji, ka cire kan da ke da alamar ragi, ka kawar da wayar gefe yadda ba za ta koma ta taɓa ba. Mai motar zamani ya sani cewa rediyo da agogo za su nemi sabon saiti, na'urar tsaro ma za ta daina aiki. In hakan bai yi masa ba, ƙaramar cajar sola mai daidaita wuta ta wadatar.

Akwai al'adar da nake roƙon jama'a su bari: a ba yaro makulli a ce ya riƙa tayar da ita kullum na minti biyar "don kada ta mutu". Niyyar mai kyau ce, amma cutarwa take yi. Wutar da aka kashe wajen tayarwa ba ta dawowa a minti biyar, batir ƙara raguwa yake yi. Injin gas da ke aiki a tsaye ba ya yin zafi da wuri, sai tururi ya zama ruwa a cikin salansa da baƙin mai, hayaƙi ya daskare a nozil. Motar da ke da matatar hayaƙi a salansa, irin da ake shigowa da su daga Turai, wannan ne ke toshe ta. In kana da amintaccen direba, ya fita da ita kan titi duk mako biyu, ya yi tafiyar minti 20 zuwa 30 har ta yi zafi sosai. In babu, a bar ta ta huta.

Kada ka bar ta a kan hanbirki, yakan manne da tsatsa. Ka sa ta a giya a wuri mai daidai, ka tare tayoyi da katako. Ka ƙara wa tayoyin iska kaɗan. A wanke ta, ta bushe sarai kafin a rufe, kuma da yadin da iska ke ratsawa, domin leda tana riƙe laima ta ɓata fenti.

Ɓera kuwa kada ka raina shi. Na taɓa buɗe akwatin filtar iska na tarar da sheƙa, an tara ɓawon gyaɗa da tsumma, wayoyin da ke zuwa nozil duk an gwaguye su. A share cikin mota tas, ko guntun biskit kada ya rage, kada kuma a ajiye ta kusa da buhunan hatsi. A toshe bakin salansa da mashigar iska da ragar ƙarfe, ka rubuta takarda ka ɗora a kan sitiyari don kada ka manta.

Ranar da Allah ya dawo da kai lafiya, kada ɗoki ya sa ka murɗa makulli daga sauke jaka. Buɗe bonet ka duba wayoyi, baƙin mai da ruwan lagireto, ka leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga. Cire abin da ka toshe, mayar da kan batir, sake zubar da ruwan filta, ka danna ɗan famfon hannun da ke kanta har ya yi tauri. Jira fitilar hita ta mutu sannan ka tayar, ka bar ta minti biyu ko uku ba tare da taka totur ba don baƙin mai ya isa tabo. Idan ta ƙi tashi bayan gwaji kaɗan, kada ka yi ta juya ta, kada kuma wani ya ce a fesa fetur a mashigar iska. Kira bakanikenka ya zo ya same ta a inda take.