Daga Kyautar Ubangida Zuwa Tallafin Hukuma: Wa Ke Ciyar da Makaɗan Taro a Jos?

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi darasin waƙar baka ya san yadda ake karkasa makaɗan Hausa gida-gida: makaɗan fada, makaɗan sana'a, makaɗan jama'a da sauransu. Abin da ba kasafai muke tsayawa a kansa ba shi ne, wannan rabo kusan amsa ce ga tambaya guda, wato wa yake ciyar da makaɗin. Tun a 1957 M. G. Smith ya nazarci roƙo a ƙasar Hausa ta fuskar alaƙar maroƙi da mai ba shi. Wannan ɗan nazari zai kai tambayar garin Jos, domin a ga abin da ke faruwa idan hukuma ce ta hau kujerar ubangida.

Kalmomin bayarwa

Hausa tana da kalmomi da dama na abin da ake ba makaɗi, kuma kowace da muhallinta. Kyauta ita ce ta ubangida: doki, riga, gona, wani lokaci har da gida. Irin ta ce ta riƙe Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa. Kari da liƙi na filin wasa ne, mutum ya ji an ambace shi ya fito ya yi bajinta. Sallama kuwa ita ce abin da mai biki yake bayarwa idan an tashi. Duk waɗannan suna zuwa ne a kan wasa ko bayansa, kuma babu wanda yake tambayar makaɗi yadda ya kashe su.

Tallafi daban yake. Kuɗi ne na jama'a da ake nema a rubuce kafin a yi wasa, a faɗi sau nawa za a yi, a ina, nawa za a kashe, sannan a dawo da bayani. Mai fassara da ya sa "kyauta" a gurbin "tallafi" ya ɓatar da wannan sharaɗi gaba ɗaya. Haka kuma jerin wasannin da ƙungiya take tsarawa na shekara, 'yan jarida sun ba mu "kakar wasa" daga fagen ƙwallon ƙafa. Aron ya dace ƙwarai, domin a gargajiyance da kaka ake kalankuwa da dambe da kokawa, lokacin da rumbu ya cika. Amfanin gona ne yake ɗaukar nauyin makaɗa a wancan tsari.

Kuntigi ɗaya, sarewa da yawa

Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a watan Yuni na 2015, ya tashi a hannun Sarkin Hausawan Bukuru bayan rasuwar iyayensa. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna, ba 'yan amshi, ba makaɗa a bayansa. Saboda haka abin da ya samu nasa ne, kujera ɗaya ta ishe shi a mota, kuma yana iya yi wa karen mota waƙa ba tare da ya jira wani basarake ba.

A ɗaya gefen akwai Asharuwa, rawar Afizere, mutanen da Hausawa suke kira Jarawa, waɗanda unguwar Jos Jarawa take ɗauke da sunansu. A nan maza ne da yawa suke jeruwa, suna busa sarewa suna taka rawa a lokaci guda, ga masu ganga suna riƙe musu kiɗa. Daɗin abin yana cikin yawan ne. Idan aka rage su zuwa mutum uku don a sauƙaƙa kuɗin mota, to ba Asharuwa aka gani ba. A ce ƙungiya tana da mutum 20: kayan ado 20 ne, abinci na mutum 20, mota babba, kuma sallamar da za ta wadaci mai kuntigi idan aka kasa ta 20 ba ta kai kowa gida. Ga kwanakin gwaji, waɗanda babu mai yin liƙi a cikinsu.

Wannan matsala ba ta Jos kaɗai ba ce. A 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, sun nuna cewa masana'anta tana iya rage ma'aikata ta ƙara yawan kaya, amma kiɗan da aka tsara wa mutum huɗu sai mutum huɗu, yau da gobe. Don haka tsadarsa kullum hawa take yi, kuɗin ƙofa kuma ba ya cim mata. Wannan na daga cikin hujjojin da ake kafawa wajen tallafa wa makaɗan taro da kuɗin gwamnati. Ingila ta kafa majalisar tallafa wa fasaha a 1946, bisa tsarin cewa gwamnati ta ba da kuɗi amma ba minista ne zai zaɓi wanda za a ba ba. Amurka ta kafa nata asusun a 1965.

Yadda abin yake a gida

A takarda Nijeriya ba ta gaza ba. An fara bikin al'adu na ƙasa, wanda yanzu ake kira NAFEST, a 1970 bayan yaƙin basasa. An kafa Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa a 1975, aka yi FESTAC a Legas a 1977 tare da hawan daba a Kaduna, aka fitar da manufar al'adu ta ƙasa a 1988. A 1991 kuma aka yi dokar kafa asusun tallafa wa fasaha, wanda masu sana'ar suka shafe shekaru suna kukan ba su ga yana raba komai ba. Jihohi su ma suna da hukumominsu, kamar Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano da aka san ta da 'yan Koroso. Jos kanta ta karɓi baƙuncin NAFEST a watan Nuwamba na 2020.

Sai dai idan aka duba da kyau, yawancin abin da ke fitowa daga hukuma sallama ce aka sa wa rigar tallafi. Ana gayyatar ƙungiya idan za a tari babban baƙo, ko za a tafi gasa, ko ranar wani biki. Su yi rawa a rana, a ba su abin da aka ba su, sai kuma wani jiƙon. Hukuma ta gaji kujerar ubangida, amma ba ta gaji nauyinsa ba, domin sarkin da yake da makaɗi yana ciyar da shi har a watannin da ba a kiɗa, ya yi masa suturar salla, ya san 'ya'yansa. A ganina wannan ya fi rashin kuɗin kansa illa. Ƙungiyar da ba ta san ranar wasanta na gaba ba, ba za ta tara yara ta koya musu busa ba, kuma wasanta zai riƙa gajarcewa zuwa 'yan mintocin da jami'in tsare-tsare ya yanka mata kafin jawabin babban baƙo.

Tallafi na gaskiya ma yana da nasa haɗari, bai kamata a ɓoye ba. Wanda ya iya cika fom da Turanci shi zai riga gwanin busa samu, kuma a gari irin Jos, inda Afizere da Anaguta da Birom da Hausawa da wasu da dama kowa yake da kiɗansa, jerin sunayen waɗanda aka ba zai zama abin karantawa da idon siyasa. Shi ya sa ake son kwamitin masana da ba na ofishin gwamna ba, da sharuɗɗa a fili cikin harsunan da makaɗan suke ji, da kuma buga sunayen waɗanda suka samu da adadin abin da aka ba su. Rubuta irin wannan fom da Hausa mai sauƙi, wadda shugaban makaɗa zai gane bambancin "kasafi" da "rahoton kashe kuɗi" ba tare da ɗan tsakiya ba, aiki ne da ya faɗo a kan ɗaliban wannan sashe.