Aikin Kai Ga Mai Karɓar Kuɗin Rashin Aiki A Jamus

Wannan takarda domin 'yan'uwanmu ne mazauna ƙasar Jamus, musamman wanda aikinsa ya ƙare yana karɓar kuɗin rashin aiki, amma jefi-jefi akan kira shi tafinta, ko ɗinki, ko gyaran waya, a sallame shi. Tambayar da ke damun irin wannan mutum ita ce, shin ya halatta ya karɓi nan ya karɓi can? Ya halatta, amma da sharaɗi.

Da farko sai a san asalin kuɗin. Tun 1927 Jamus ta kafa inshorar rashin aiki. A yau akan zuba kashi 2.6 cikin ɗari na albashi, rabi daga ma'aikaci, rabi daga mai kamfani. Wanda ya zuba na wata 12 cikin wata 30 da suka gabata, in aiki ya kuɓuce masa, ana ba shi kashi 60 cikin ɗari na abin da yake kaiwa gida, mai ɗa kuwa kashi 67. Tamkar adashi ne, guminka na ciki, na maƙwabcinka ma na ciki. Ofishin da ke riƙe da asusun shi ne Agentur für Arbeit.

Sharaɗin farko na lokaci ne. Aikin da za ka taɓa kada ya kai awa 15 a mako. Da zarar ya kai, doka ta daina ɗaukarka marar aiki, kuɗin kuma sai su tsaya. In ayyukan biyu ne ko uku, haɗa awoyinsu ake yi a lissafa.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa. Yuro 165 na farko a kowane wata naka ne, ba mai taɓawa. Abin da ya ɗora shi ake ragewa daga kuɗin rashin aikin. Mai aikin kansa kuma akan fara cire masa kashi 30 cikin ɗari a matsayin abin da ya kashe wajen sana'ar. Ga misali, mu ajiye zancen haraji a gefe. Wani ya yi tafinta a wata ɗaya ya samu Yuro 400. A cire 120, saura 280. A cire 165, saura 115. Wannan 115 ce kaɗai za a rage masa. Ka ga ya ƙaru da Yuro 285 a kan wanda ya kwana a ɗaki yana jiran ƙarshen wata. To, ina dalilin ɓoyewa?

Duk da haka akwai masu ɓoyewa, wai ai 'yan canji ne, wa zai sani? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda ya biya ka ya rubuta a littafinsa saboda haraji, hukumar kwastan kuma, wato Zoll, tana da sashe guda na farautar aikin ɓoye. Wanda ya kai awa 15 bai faɗa ba, rajistarsa ta rashin aiki ta rushe ke nan tun daga ranar. Sai ya mayar da duk abin da ya karɓa har zuwa ranar da ya sake rajista, a haɗa da kuɗin inshorar lafiya da aka biya masa. Ana iya cin tararsa, ana kuma iya gurfanar da shi kan zamba, abin da ba ya yi wa baƙo daɗi ranar da zai nemi takardar zama ɗan ƙasa.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka karɓi aiki ko na yini ɗaya ne, sanar da ofishin. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta rana da awa da abin da aka biya ka, ka adana rasit. In Jamusancinka bai nuna ba, ka tafi da wanda zai fassara maka, kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba.