Ma'ana da Asalin Kalmomin Naƙasa da Tsufa a Hausa

1.0 Gabatarwa

Kalma takan ɗauki tarihin tunanin masu ita. Wannan darasi zai dubi kalmomin gurguntaka da tsufa, tare da misalai daga Hausar ƙasar Gobir, wato yankin Sabon Birni da Isa da Tozai a Jihar Sakkwato.

1.1 Kalmomin Asali

Daga saiwar "gurg-" ake samun gurgu, gurguwa, gurgunta da gurgunce, jam'i kuwa guragu. Ma'anar ta faɗaɗa har ta kai ga abin da ba shi da ƙafa, kamar "gurguwar shawara" da "gurguwar fahimta". Ga tsufa, wanda Bagobiri ke furtawa "tsuhwa", akwai amsa-kama "tukuf", sannan gajiyayye daga "gaji". Kwararraɓaɓɓe kuwa amon abin da ya sassauce ake ji a cikinta. Haka kalmar Ingilishi "decrepit" take, domin ta fito daga Latin "crepare", wato yin ƙara.

1.2 Kalmomin Aro

Naƙasa an aro ta daga Larabci "naƙasa", ma'ana raguwa ko tauyewa. Daga ita aka ƙera naƙasasshe da naƙasassu.

1.3 Shan-inna

Wannan harɗaɗɗen suna ne: sha + Inna. A al'adar bori, Inna iska ce da aka yi imani tana shanye ƙafar yaro. A Gobir, Inna sarauta ce ta mace daga gidan sarki, wadda bori ke ƙarƙashinta. Ke nan sunan cutar ya ƙunshi bayanin musabbabinta a idon mutanen da. Likitanci ya tabbatar ƙwayar cuta ce ke jawo ta, riga-kafi kuma ke tare ta. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka, har da Nijeriya, ta rabu da nau'inta na asali.

1.4 Kammalawa

Malamin da ya san asalin kalma ya san nauyinta. Idan ya kira ɗalibi da "gurgu" maimakon sunansa, aji zai ɗauka, laƙabin kuma ya bi yaron har girma. Dokar da aka sanya wa hannu a 2019 ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci, kuma harshen malami ne farkon wurin kiyaye ta.

Auna Fahimta

1. Fayyace ƙirar kalmar "gurguntaka".
2. Kawo jimloli uku da "gurguwa" ta faɗaɗa ma'ana a cikinsu.