Kafin Ka Biya Kuɗin Amfilifaya: Yadda Ake Karanta Lambobin Jikinta

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu kayan sauti a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko Alaba ta Legas, ya ga kwalayen nan da aka rangaɗa wa rubutu ɓaro-ɓaro: wat 3000, wat 5000, wani ma har 10,000. Mai saye, ko na falonsa yake nema ko na kayan ɗakin amarya, sai ya miƙa hannu ga mai lamba mafi girma, yana ganin ya yi dace. Alhali ita amfilifaya, na'urar da ke karɓar siririn sauti daga waya ko talabijin ta ƙara masa ƙarfi har ya motsa sifika, gaskiyarta tana cikin ƙananan rubutun da ke bayanta da cikin littafinta. Ga abin da ya kamata magidanci ya duba.

1. Nemi RMS, ka kau da kai daga PMPO. Wat ɗin da aka rubuta RMS a gefensa shi ne ƙarfin da na'urar za ta iya bayarwa a ɗore, minti bayan minti, ba tare da ta gaza ba. Wanda aka rubuta PMPO kuwa, ƙarfi ne na ƙiftawar ido, kuma babu wata ƙa'ida guda da kamfanoni suka yarda da ita wajen auna shi, kowa yadda ya ga dama yake lissafawa. Kamar a ce za ka ɗauki ɗan dako ne, sai a faɗa maka nauyin da zai iya cicciɓawa ya dire nan take, a ɓoye maka wanda zai iya kaiwa har gida. Wannan cuta ba yau ta fara ba. Tun 1974 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka ta kafa dokar da ta wajabta wa masu sayar da amfilifaya a ƙasar su bayyana ƙarfi mai ɗorewa, saboda yadda tallace-tallace suka cika da lambobin bogi. Kayan da ke shigowa kasuwanninmu da yawa ba a ƙarƙashin irin wannan doka aka buga kwalinsu ba. In ka juya kwali gaba da baya ba ka ga RMS ba, to ka ɗauka ba a faɗa maka ƙarfin na'urar ba sam.

2. Juya bayanta ka ga wutar da take ci. Amfilifaya ba ta ƙirƙirar ƙarfi, wanda ta sha daga bango shi take mayarwa sauti, kuma wani kaso na tafiya a zafi. Kusa da inda igiyar wuta ta shiga akwai ɗan allo da aka rubuta bolt da wat ɗin da take ci. In an rubuta wat 60 a can, gaban kwali kuma yana ihun 3000, ka riga ka san wanda za ka yarda da shi. Gaskiya ne tana iya wuce lambar bayan na ɗan lokaci idan kiɗa ya buga da ƙarfi, amma ba ninki hamsin ba.

Ƙananan amfilifayoyin nan masu Bluetooth da suka cika kasuwa sun fi sauƙin ganewa, domin da adafta suke zuwa. Karanta jikin adaftar: in an rubuta 12V da 5A, ka ninka su, wat 60 ke nan, iyakar abin da za ta iya turawa. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba. Da yawansu na ɗauke da ƙwayar TPA3116D2 ta kamfanin Texas Instruments, wadda ke iya ba da wat 50 a kowane layi, wato ga kowace sifika, amma fa sai an ba ta bolt 21 a kan sifika mai om 4 (bayanin om na nan a lamba ta 5). Da adaftar bolt 12, lissafi ya nuna tsabtataccen ƙarfin da za ta bayar ba zai wuce wat 18 a layi ba. Na'ura ɗaya, rubutu ɗaya a kwali, amma adaftar da aka saka maka a ciki ta zabtare kusan kashi biyu cikin uku.

3. Lambar wat ba ta tafiya ita kaɗai. Kamfani mai gaskiya zai rubuta wani abu kamar haka: wat 50 a kowane layi, a kan om 8, daga 20 Hz zuwa 20 kHz, THD 0.1%, layi biyu na aiki tare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharaɗi ne, kuma da an sassauta ɗaya sai lambar wat ta kumbura. THD ma'aunin gurɓacewar sauti ne. Abin da ke ƙasa da 1% da wuya kunne ya tsinto shi a cikin kiɗa, amma a 10% murya ta fara kakkarcewa, kuma a daidai wannan wurin ne masu araha ke auna ƙarfinsu. Haka nan hom tiyata mai sifiku biyar da wufa guda da aka ce wat 1000 ce, sau da yawa layuka shida aka tara, kowanne kusan 167, an auna su a kan om 3 da gurɓacewar 10%. Amfilifaya mai wat 50 ta gaskiya kan iya fin ta daɗin sauraro nesa ba kusa ba.

4. Ninka wat ba ya ninka ƙara. Wannan ne abin da ya fi cin kuɗin mutane a banza. Daga wat 50 zuwa wat 100, abin da ke ƙaruwa a ma'aunin ƙara disibel (dB) 3 ne kawai, ɗan bambancin da za ka ji amma ba zai girgiza ka ba. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ƙara wajen disibel 10, wato a ninka wat sau goma.

Saboda haka ni a ganina sifika ta fi cancantar a zuba mata ido da kuɗi. A bayanta ko a littafinta akwai lamba kamar 87 dB ko 90 dB, wato ƙarar da take fitarwa idan aka ba ta wat 1 aka auna daga nisan mita 1. Mai 90 da aka ba wat 50 ƙararta ɗaya da mai 87 da aka ba wat 100. Ka kuma lura da abin da wannan lamba ke faɗa: wat ɗaya tak ya isa ya cika madaidaicin falo da sauti. Sauraron labarai, karatun Alƙur'ani ko fim na yau da kullum bai cika cin fiye da 'yan wat ba; ragowar ajiya ce don lokacin da ganga ta faɗo. Ga ɗaki ko falon gida, wat 30 zuwa 60 RMS a layi sun wadatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ma na ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a disibel 80, yaro kuwa a 75. Ga kuma haƙƙin maƙwabta.

5. Daidaita om. Om shi ne ma'aunin turjiyar da sifika ke yi wa wuta, galibi 4, 6 ko 8. Ƙarancin lambar na nufin sifikar za ta ja wuta da yawa. A wurin da ake ɗaura wayoyin sifika an rubuta iyakar da amfilifaya za ta ɗauka. In an ce 6 zuwa 16, kada ka ɗora mata mai 4. A nan ake yawan yin ɓarna ranar suna ko walima, a aro sifikun maƙwabta a murɗe wayoyinsu wuri guda: biyu masu om 8 a baki ɗaya sun koma 4, biyu masu 4 sun koma 2. Na'ura sai ta ɗau zafi, mai kariya ta kashe kanta, marar kariya ta ƙone.

6. Ƙaramar amfilifaya ma tana kashe sifika. Idan aka murɗa ta fiye da ƙarfinta, sai ta fara datse kan sautin, ta tura wa twita, ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririyar murya, ƙarfin da ba a yi ta dominsa ba. Da ka ji sauti ya fara tsagewa, rage shi nan take. Ka sayi wadda ƙarfinta na RMS ya yi kusa da na sifikarka.

7. Yi la'akari da wutar gidanka. Wutar Najeriya da Nijar ta bolt 220 zuwa 240 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Kayan gwanjo masu kyau da yawa daga can suke, kuma jona su kai tsaye ƙonewa ce, sai da taransifoma mai rage wuta. Karanta allon baya kafin ka jona, kada ka dogara da siffar filogi, domin ana sauya shi. Wanda ke amfani da sola ko inbata ya nemi wadda aka rubuta Class D: tana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa ga sifika, ba ta kuma cika zafi ba. Ta Class AB, mai nauyin nan da babban taransifoma a ciki, sautinta na da kyau, amma kusan rabin wutarta a zafi yake tafiya ko da tana aiki sosai. Inda wuta ke hawa da sauka, a sa kuɗin sitabilaiza cikin lissafi tun farko.

8. Gwada ta da kunnenka a shago. Lambar SNR tana nuna tazarar da ke tsakanin sauti da shuuu ɗin na'urar. Daga 90 dB zuwa sama ya yi. Amma ba sai ka jira takarda ba. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a tsayar da kiɗan tukuna," a bar na'urar a kunne, a ɗaga murya zuwa rabi, ka kai kunne kusa da sifika. Ɗan shuuu kaɗan ba laifi, amma gurnani ko ƙugi alamar matsala ce. Sannan ka sa abin da ka saba ji daga wayarka, musamman muryar mutum yana magana, domin kiɗa mai dukan ƙirji da ake sa wa masu saye yana rufe aibi da yawa. Murɗa maɓallin murya a hankali ka ji ko yana ƙarce, ka tabbatar hagu da dama suna fita daidai, bayan minti goma kuma ka taɓa samanta ka ji zafinta.

9. Ƙirga kafofinta kafin ka bar shago. Sababbin talabijin da yawa ba su da jan baki da farin baki na da, sai HDMI ARC ko kafar igiyar haske. Ɗauki hoton bayan talabijin ɗinka ka tafi da shi kasuwa.

10. Ba ta iska. Ramukan da ke samanta hanyar fitar zafi ce, don haka kada a lulluɓe ta da kyallen ado, kada a ɗora mata dikoda, kada kuma a kulle ta cikin shokes tana aiki. A bar mata kamar faɗin tafin hannu a sama da gefe. Lokacin hunturu ƙura na toshe ramukan, sai a zare filogi a goge su da busasshen buroshi, a rufe ta da kyalle bayan an kashe ta ta huce.