Amsar Tambaya: Kula da Furen Digiplexis

Tambaya: Wata mai karatu a Ingila ta ce furannin Digiplexis ɗinta sun fara yanƙwanewa, tana neman shawara.

Amsa: Kada hankalin Malama ya tashi, domin wannan tsiro, wanda aka samar daga haɗa furen dijitalis na Turai da danginsa na tsibiran Kanari, ba ya yin iri, shi ya sa yake shafe watanni yana fure. Idan zangarniyar tsakiya ta bushe, sai a yanke ta daga gindi don rassan gefe su fitar da sabbin furanni. A guji barin ruwa ya kwanta, a lulluɓe saiwa da busasshen ganye kafin hunturu, sannan a sa safar hannu, saboda dukkan sassansa suna da guba mai cutar da zuciya.