FICEWAR BIRTANIYA DAGA TARAYYAR TURAI: HANGEN DALA BA SHIGA BIRNI BA

A darasin Gwamnati mukan koya cewa ƙuri'a ita ce muryar talaka. Wannan gaskiya ne. Amma akwai abin da ƙuri'a ba ta iya yi ita kaɗai, shi ne kuwa za mu duba a wannan darasi. Misalinmu shi ne ƙasar Birtaniya, wadda ta yanke shawarar barin Tarayyar Turai a wuni ɗaya cikin 2016, amma sai da ta yi shekara huɗu da rabi kafin ta gama kwashe kayanta. Turawa suna kiran wannan ficewa Brexit, wato sun haɗa sunan ƙasar da kalmarsu ta fita. Mu tuna tun yanzu cewa Birtaniya yanki huɗu ce: Ingila, Sikotland, Wales da Ailan ta Arewa.

Mece ce Tarayyar Turai?

A 1957 ƙasashe shida, wato Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Lukzambak, suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Rum domin su zama kasuwa ɗaya. Tunaninsu shi ne, maƙwabtan da cinikinsu ya haɗu ba za su sāke yaƙar juna da sauƙi ba. Birtaniya ba ta shiga da fari ba. Da ta nema daga baya, shugaban Faransa, Janar de Gaulle, ya hana ta har sau biyu, a 1963 da 1967. Sai ranar 1 ga Janairu 1973 ta samu shiga. A 1975 aka tambayi jama'arta, kashi biyu cikin uku suka ce a zauna.

Daga 1993 ƙungiyar ta ɗauki sunan Tarayyar Turai, aka kuma ba abubuwa huɗu 'yancin ƙetare iyaka ba shamaki: kaya, sana'a, jari da mutane. Abin ya yi kama da gandu. 'Yan'uwa suna noma tare, suna ci daga rumbu ɗaya, amma kowa yana ba da ƙarfinsa, yana kuma bin ƙa'idar gida ko da bai so ba.

Gardamar fita da zama

Masu son fita, irin su Nigel Farage da Boris Johnson, sun kafa hujja uku. Ta fari, dokoki da yawa ana yin su ne a Brussels, hedkwatar Tarayyar, ba a majalisar Landan ba. Ta biyu, baƙi: bayan ƙasashe goma sun shiga Tarayyar a 2004, dubban ɗaruruwan mutane daga Folan da maƙwabtanta suka zo neman aiki. Ta uku, kuɗi. An rubuta a jikin wata jar bas cewa Birtaniya tana aika wa Tarayyar fam miliyan 350 kowane mako, gara a zuba su a asibitoci. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce wannan adadi yana ɓad da mutane, gama bai cire rangwamen da ake yi wa Birtaniya da kuɗin da ke komowa gida ba.

Masu son zama kuwa, a ƙarƙashin Firayim Minista David Cameron, suka ce Tarayyar ita ce babbar kasuwar ƙasar, kusan rabin cinikinta da waje a can yake, saboda haka duk katangar da aka gina talaka ne zai biya kuɗinta. Gardamar ta yi zafi ƙwarai. Saura mako ɗaya a yi zaɓe, wani mai tsattsauran ra'ayi ya kashe 'yar majalisa Jo Cox a mazaɓarta.

Ranar 23 ga Yuni 2016 aka yi ƙuri'ar raba gardama. Mutum miliyan 17.4, wato kashi 51.9 cikin ɗari, suka ce a fita, miliyan 16.1, kashi 48.1, suka ce a zauna. Ingila da Wales sun zaɓi fita. Sikotland ta zaɓi zama da kashi 62, Ailan ta Arewa da kusan kashi 56, birnin Landan ma haka. Yawancin matasa sun so zama, yawancin dattawa sun so fita. Ke nan rabuwar kan ta shiga har cikin gidaje, tsakanin kaka da jika. Washegari Cameron ya ba da sanarwar zai sauka.

Rikici a majalisa

A nan ne darasinmu yake. Takardar ƙuri'a ta tambayi abu ɗaya kawai: a zauna ko a fita. Ba ta tambayi yadda za a fita ba. Wasu suna son a bar Tarayyar amma a ci gaba da zama cikin kasuwarta. Wasu suna son a yanke igiya gaba ɗaya. Kowanne kuma yana cewa shi jama'a suka zaɓa.

Theresa May ta gāji Cameron, ta miƙa takardar fita ranar 29 ga Maris 2017. Ta kira zaɓe a watan Yuni domin ta ƙara ƙarfi, sai ta rasa rinjayen da take da shi. Ranar 15 ga Janairu 2019 majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar da ta ƙulla da Tarayyar, ƙuri'a 432 a kan 202. Sau uku ana kayar da ita, har ta sauka. Boris Johnson ya hau a watan Yuli. Ya dakatar da zaman majalisa, amma Kotun Ƙoli ta ce hakan ya saɓa wa doka. Sai da ya ci zaɓen Disamba 2019 da rinjayen kujeru 80 sa'an nan hanya ta buɗe. Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairu 2020, da ƙarfe 11 na dare. Yarjejeniyar ciniki kuwa ba a kammala ta ba sai jajiberin Kirsimeti na wannan shekara, saura mako ɗaya wa'adi ya cika.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne iyakar Ailan. Ailan ta Arewa tana cikin Birtaniya, Jamhuriyar Ailan kuwa tana cikin Tarayyar, iyakarsu ta kai kusan kilomita 500. An yi shekaru kusan talatin ana tashin hankali a yankin, mutum wajen 3,500 suka mutu, kafin sulhun 1998. Kowa ya ji tsoron cewa idan aka mai da shingayen kwastan, tsohon miki zai tashi. Saboda haka aka yarda a riƙa binciken kaya a tashoshin jiragen ruwa, tsakanin Ailan ta Arewa da sauran Birtaniya. Wannan ma ya fusata masu goyon bayan zama da Landan, har gwamnatin yankin ta tsaya cik daga Fabrairu 2022 zuwa Fabrairu 2024.

Yadda abin ya taɓa talaka

Kwana ɗaya bayan ƙuri'ar, darajar fam a kan dala ta faɗi zuwa inda ba ta taɓa kaiwa ba tun 1985. Ƙasar kuwa tana sayo wajen kashi 40 cikin ɗari na abincinta daga waje, saboda haka matar gida ta ji a kuɗin cefane.

Yarjejeniyar 2020 ba ta sa haraji a kan yawancin kaya ba, amma ta kawo takardu: na kwastan, na shaidar inda aka yi kaya, na likitan dabbobi. Babban kamfani yana iya ɗaukar akawu domin wannan aiki, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ba ya iyawa. A Janairu 2021 masunta a Sikotland suka koka cewa kayansu suna ruɓewa a mota kafin a gama cike takardu. A Satumba na shekarar aka ga dogayen layuka a gidajen mai. Man yana nan, direbobin tanka ne suka yi ƙaranci, domin da yawa sun koma ƙasashensu, annobar korona kuma ta hana gwada sababbi. Har sojoji aka sa suka tuƙa tankoki.

Ɗan Birtaniya da dā yake iya zama ko aiki a Sifen ko Jamus yadda ya ga dama, ya koma baƙo mai kwana 90 cikin kowane 180. 'Yan Turai fiye da miliyan biyar da ke zaune a Birtaniya sai da suka nemi izinin ci gaba da zama. Batun baƙi kuwa, tsugune ba ta ƙare ba. Da 'yan Turai suka ragu, asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suka juya ga Indiya da Nijeriya da wasu ƙasashe, har yawan baƙi ya kai inda bai taɓa kaiwa ba a 2022 da 2023. Wataƙila wasunmu suna da 'yar'uwa nas da ta tafi a waɗannan shekaru.

Adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Majalisar Landan ta karɓe ikon yin dokokinta da tsara shigar baƙi, ƙasar ta kuma ƙulla cinikin kanta da Ostireliya da Niyu Zilan. Ba kowace tsada ce laifin ficewa ba; korona da yaƙin Yukiren na 2022 suna da nasu rabo. Duk da haka, ofishin da ke yi wa gwamnati hasashen kasafi ya ƙiyasta cewa a kwana a tashi, arzikin da ƙasar ke samarwa zai gaza da kimanin kashi 4 cikin ɗari bisa ga yadda zai kasance da ta zauna. A Mayu 2025 gwamnatin Keir Starmer ta zauna da Tarayyar a Landan domin a sassauta wasu shingayen, musamman na abinci.

Abin koyo

Wannan labari bai yi mana nisa ba. A Janairu 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, tambayoyin fasfo, kwastan da fatauci kuwa irinsu ɗaya ne. Ku ɗalibai, nan gaba kaɗan za ku riƙe katin zaɓe. Duk wanda ya ce muku "mu fita" ko "mu shiga", ku tambaye shi ta wace hanya, nawa ne kuɗin, wa kuma zai biya. Ɗan da zai bar gandu yana da 'yancinsa, amma gara a zauna a raba gona da rumbu tun kafin damina ta sauka.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa huɗu da ke ƙetare iyaka ba shamaki a cikin Tarayyar Turai.
2. Me ya sa majalisar Birtaniya ta yi shekaru ba ta daidaita ba bayan ƙuri'ar 2016?
3. Bayyana dalilin da ya sa iyakar Ailan ta zama ƙarfen ƙafa.
4. A ganinka, ya dace rinjayen kashi 52 ya yanke hukunci irin wannan? Kawo hujjojinka.